Jel ɗin DNA da ake rainon sel a ciki: me ya sa ƙarfafa shi ke ba masana wuya

Duk ɗalibin bayokemistiri ko maikurobayoloji, ko a jami'ar Umaru Musa Ƴar'adua yake nan Katsina ko a Dutsin-Ma ko Al-Qalam, in aka ce mishi rainon ƙwayoyin sel, hoton da ke zuwa kanshi shine ɗan faranti na roba mai faɗi da jan ruwa a ciki, sel sun baje a ƙasan farantin sun manne. Haka aka shekara da shekaru ana yi kuma an samu ilimi mai yawa ta nan, amma jama'a jikin ɗan Adam ba faranti bane. Sel ɗin da ke cikin hantarka ko nonon mace ko ƙwaƙwalwa kewaye yake ta sama da ƙasa da kowane gefe da wasu sel da kuma wata saƙa mai laushi ta furotin irin su kolajin da laminin, yana riƙe ta yana ja yana jin yanda take mayar mishi da martani. Robar farantin nan kuwa taurinta ya ninka na naman ƙwaƙwalwa sau miliyoyi, toh kaga sel ɗin da ka ɗora a kai dole ya canza hali, siffarshi ta baje, ƙwayoyin gadon da yake kunnawa su bambanta, har maganin da zai kashe shi a faranti ya kasa taɓa ɗan'uwanshi da ke cikin jiki.

Wannan ba hasashe bane. A 1997 ɗakin gwajin Mina Bissell da ke Bakili a Amurka ya nuna cewa sel ɗin kansar nono da aka raina cikin jel, in aka toshe wani furotin da suke kama saƙar da shi, suna komawa su jeru kusan kamar lafiyayyu duk da cewa lalacewar gadonsu tana nan. A 2006 kuma rukunin Dennis Discher na jami'ar Fensilbeniya suka ɗauki sel na asali na ɓargo, irin waɗanda ba su riga sun zaɓi abun da za su zama ba, suka ɗora su kan jel masu tauri daban daban, waɗanda suka zauna kan mai laushi sosai, kilofaskal 0.1 zuwa 1, kilofaskal ɗin nan ma'aunin tauri ne kuma faskal dubu ke cikinshi, suka fara ɗaukar kamannin sel ɗin jijiyar ƙwaƙwalwa, na kan 8 zuwa 17 suka karkata wajen tsoka, na kan 25 zuwa 40 suka nufi ƙashi. Abinci ɗaya aka ba su, taurin wurin zama ne kawai ya bambanta. Ni dai duk sanda na tuna wannan gwajin sai naji girman hikimar Ubangiji a halitta, ace ƙwayar da ido bai gani tana taɓa wuri ta yanke shawara.

Toh da aka gane haka sai aka koma rainon sel a cikin jel maimakon a saman roba, kuma wanda ya fi shahara har gobe shine Matrigel, wanda aka samo asalinshi a shekarun 1980 daga wani ƙari da ke tsirowa a jikin ɓera. Da shi Toshiro Sato da Hans Clevers suka raina ƙananan hanji a Holan a 2009, abun da ake ce ma oganoyid, wato ɗan ƙaramin samfurin gaɓa da ke girma a lab. Yana aiki, babu musu, sai dai daga ƙarin ɓera ake tatso shi, sabida haka kwalbar bana da ta baɗi ba za su zo daidai ba, akwai ɗaruruwan furotin a ciki da ba kai ka zuba ba, baka da ikon cewa ina son taurin ya ƙaru amma sauran abubuwa su tsaya yanda suke, ga tsada, ga shi dole ya zauna a firiza. Wannan ne ya tura masana neman jel ɗin da za su haɗa da hannunsu su san duk abun da ke ciki.

Irin wannan jel ɗin, wanda ake ce ma haidurojel, raga ce ta dogayen zarurruka da ta riƙe ruwa, ruwan kan kai kashi 90 cikin 100 ko fiye, amma baya zuba. Romon ƙafar saniya da ya kwana ya daskare shima haidurojel ne na gaske, kolajin ne da ya narke ya sake ɗaurewa, haka garin da ke cikin famfas ɗin yara da ke shanye fitsari. Tambayar ita ce da wane zare za ka saƙa ragar, kuma me zai ɗaure mahaɗanta.

Anan DNA ya shigo, ba a matsayin ma'ajiyar gado ba, a matsayin kayan gini. Zaren DNA haruffa huɗu ne, A da T da G da C, kuma A baya kama kowa sai T, G baya kama kowa sai C, wannan ƙa'idar tun 1953 aka san ta. Ma'ana in ka rubuta jerin haruffa ka ba kamfani ya haɗa maka, ka san tun kafin ya iso wane zare zai kama wane, da ƙarfin kamun, da zafin da zai sa su rabu. Nadrian Seeman na jami'ar Niyok shi ya fara kawo wannan tunanin a 1982. A 1996 Nagahara da Matsuda a Japan suka liƙa gajerun DNA a jikin wata folima, wato dogon zaren sinadari irin na roba, suka sa su zama maɗauri, a 2006 rukunin Dan Luo na jami'ar Cornell suka yi jel da DNA zalla, suka haɗa guntaye masu siffar X da Y da T sannan suka sa enzayim ɗin ligas, wato furotin mai aikin haɗa zaren DNA, ya ɗinke bakunansu. Daga baya rukunin Dongsheng Liu na jami'ar Tsinghua a Beijin suka sauƙaƙa abun, guntu mai hannu uku a kwalba ɗaya, ɗan sanda mai baki biyu a wata kwalbar, kowane baki an bar mishi haruffa ƙalilan a buɗe masu jiran abokinsu. Ruwa ne guda biyu garai garai, ka zuƙo wannan da fifet, ɗan bututun zuƙar ruwa na lab, ka zuba kan wancan ka ɗan juya, kafin minti ɗaya ka kifa ɗan bututun kaga abun ya tsaya cak a gindinshi bai gangaro ba, kuma babu zafi babu guba babu hasken da zai ƙona sel, shi yasa za ka iya zuba sel ɗinka tun a cikin ruwan su kafe tare. In ka matsa shi ta allura ya kan saki ya wuce sannan ya sake haɗewa da kanshi, a 2015 har an buga shi da injin firinta mai jera jel hawa hawa, aikin haɗin gwiwa tsakanin Tsinghua da jami'ar Heriot-Watt ta Sikotilan.

Duk wannan daɗin yana da gefe guda, jel ɗin rago ne. Kuma ragwancin ba iri ɗaya bane, nan ne nake ganin mutane da yawa suna cakuɗa magana in an ce ƙarfafawa. Akwai laushi, yawancin jel ɗin DNA zalla ƙarfinsu daga faskal gommai ne zuwa ƴan dubbai kaɗan, wanda ya yi ma ƙwaƙwalwa da kitse amma bai kusa tsoka sosai ba balle ƙashi. Akwai saurin yagewa, wanda daban yake da laushi, abu na iya yin tauri ya fashe da an taɓa shi. Akwai narkewa a hankali, sabida inkubeta, akwatin ɗumin da ake rainon a ciki, a digiri 37 take, in gajeren bakin da ya ɗaure ragar zafin rabuwarshi yana kusa da nan sai kaga jel ɗin yana kumbura yana zaizayewa duk sanda aka canza ruwan abincin sel. Sannan babban abokin gaba, enzayim masu yanka DNA da ke cikin siram, wato ruwan jinin ɗan maraƙi, da ake zuba kashi 10 cikin 100 a yawancin abincin sel, aikinsu a jiki shine share DNA ɗin da ya zube daga matattun sel, basu san cewa wannan naka gini bane, ci kawai za su yi. Oganoyid kuwa makonni yake buƙata, wani ma watanni.

Hanya mafi kusa ita ce gyara rubutun kanshi. Ka tsawaita bakin da ke kamawa, ka ƙara G da C tunda su igiya uku ke tsakaninsu A da T kuma biyu, ka ƙara yawan hannuwa daga uku zuwa huɗu, ko ka ɗinke da ligas gaba ɗaya ya zama ba ya kwancewa. Har ma ta ina ake jan ɗaurin yana da tasiri, wani gwaji da Xuefeng Wang da Taekjip Ha suka wallafa a 2013 ya nuna haka ƙarara, zare biyu ɗin nan guda, in ka ja su ta baki ɗaya kamar mai buɗe zif suna rabuwa a kusan fikonyuton 12, wato ma'aunin ɗan ƙaramin ƙarfin ja, in kuma ka ja su ta ƙarshe biyu masu kallon juna sai an kai kusan 56, kuma sun gano cewa sel na buƙatar maƙalar da ta jure kusan 40 kafin ya manne ya baje. Kaga mai zana jel dole ya yi tunanin wannan, sabida sel ɗin da ke ciki ba zaman ɗan kallo yake ba, ja yake.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. In ka ɗinke komai tamau, sel ɗin ya zama fursuna. A faranti yana da sarari ta sama, a cikin jel kuwa in zai miƙa hannu ko ya rabu biyu ko ya yi tafiya sai ragar ta matsa mishi, ramukan ragar nanomita ne, shi kuma sel faɗinshi maikuromita 10 zuwa 20, maikuromita ɗaya kuwa nanomita dubu ne, ya fi ramin girma sau ɗaruruwa. Naman jiki na gaske in ka danna shi ka riƙe, a hankali yana saki, ƙarfin turowarshi na raguwa. A 2016 Ovijit Chaudhuri da David Mooney na Harvard suka yi jel biyu masu tauri iri ɗaya amma ɗaya na saki da sauri ɗaya a hankali, sel ɗin da ke cikin mai sakin sauri suka fi bajewa da hayayyafa da zama ƙashi. Toh wannan sakin shine ainihin baiwar DNA, ɗaurin na kwancewa ya sake kamawa, kuma da tsawon haruffa kake saita ko daƙiƙa zai ɗauka ko awanni. Duk wanda ya kashe wannan baiwar dan neman tauri ya yi asarar dalilin da ya sa ya kashe kuɗi kan DNA tun farko, gara ya sayi folima mai araha ya huta.

Shi yasa ni a ganina hanya mafi hankali ita ce raba aiki, wata raga ta ɗauki nauyi, DNA ya tsaya a matsayin mahaɗi mai jin umarni. Tunanin raga biyu Jian Ping Gong ce ta jami'ar Hokkaido a Japan ta fito da shi a 2003, raga ɗaya mai tauri mai saurin karyewa, ɗaya mai laushi mai miƙewa, a saƙa su cikin juna, in nauyi ya zo ta farko ta fara karyewa nan da can ta shanye bugun, ta biyu ta riƙe ginin kar ya rabe, jel ɗin nasu kusan kashi 90 ruwa ne amma ya jure matsi na kusan megafaskal 17, wato kilofaskal dubu 17. A 2012 wasu a Harvard suka yi irinshi da aljinet, wata folima ta ciyawar teku, wanda ke miƙewa fiye da ninki 20 na tsawonshi. Maginan ƙasa na Katsina da Daura sun san wannan a aikace, jar ƙasa ita kaɗai in ta bushe tsagewa take, sai an tattaka ta da ciyawa an bar ta ta ruɓa tare, ƙasar na ɗaukar nauyi ciyawar na hana tsagar tafiya. A jel ɗin DNA kuma har an ɗan fi haka samu, sabida ɗaurin da ya karye yana iya komawa ya kama.

Misalin da ya fi burge ni shine wanda rukunin Elisha Krieg na cibiyar binciken folima ta Leibniz da ke Diresdin a Jamus suka wallafa a 2023, suka sa mishi suna DyNAtrix. Sun ɗauki folima mai tsawon gaske suka liƙa mata gajerun DNA jefi jefi, tunda zaren dogo ne ɗauri kaɗan ya isa ya kafa raga, DNA ɗin da ake buƙata ya ragu ƙwarai, kuɗi ya sauka. Sannan suka yi wata dabara, maimakon duk maɗauran su zama rubutu ɗaya, suka yi su iri iri da yawa, dan kar zare ya lanƙwasa ya kama kanshi, sabida ɗaurin da ya dawo kan zaren da ya fito ɓarna ne, baya ƙara ma raga ƙarfi ko kaɗan. Sun kuma sa wasu gajerun zarurruka da ke toshe bakin a cikin sanyi, sai an sa cikin ɗumin 37 su saki jel ɗin ya kafe, wanda ke ba mai aiki lokacin cakuɗa sel ɗinshi da kyau ba tare da jel ya kafe mishi a bakin fifet ba. Sun raina sel na asali da oganoyid a ciki. Abu ɗaya da ya kamata ɗalibi ya lura, ɗanyen akirilamaid da ake haɗa irin wannan folimar guba ne ga jijiya, sai an gama haɗa dogon zaren an wanke shi tas kafin ya kusanci sel.

Akwai wata hanyar ta enzayim ɗin phi29, a ba shi ɗan zoben DNA ya yi ta zagaye yana kwafa har zare ya yi tsawo ya cukurkuɗe da kanshi ya zama jel, rukunin Luo sun nuna wani a 2012 da in an tsame shi daga ruwa ya kwanta kamar ruwa in an mayar ya dawo siffarshi. Yana da arahar yawa, amma baka da iko kan yanda ya cukurkuɗe, kuma gishirin da aikin ke bari a baya na sa shi hazo. Wasu kuma suna zuba ƙananan ƙwayoyi na silika ko laka ko zinariya ko baƙin kabon dan su ƙara tauri. Taurin na ƙaruwa, gaskiya ne, sai dai ka je gaban maikuroskof ka ga abun da ka jawo ma kanka.

Sabida kar mu manta, rainon sel ɗin ba dan ado bane, so ake a gan shi. Kuma a nan jel ɗin DNA yana da fifiko tun asali, garai yake, yanda yake karya haske kusan daidai yake da ruwa, wato 1.33, haske na ratsa shi ba tare da watsewa sosai ba, sabanin kolajin mai kauri da zarurrukanshi ke watsa haske. Maikuroskof ɗin konfokal yana yanka samfurin da haske faifai faifai kwamfuta ta jera ta ba ka hoto mai zurfi, wanda ake ce ma na fallen haske kuma, da aka fito da salonshi na zamani a 2004 a Haidelbag, yana haska siririn falle ɗaya ta gefe dan kar hasken ya galabaitar da sel, da shi ake bin oganoyid kwana da kwanaki yana girma. Duka biyun jel mai tsabta suke so. Baƙin kabon da girafin suna shanye haske har su kashe ƙyallin rinin da ka sa ma sel, zinariya ma haka in ta matso kusa, folimar da ta yi yawa kuma ko bata cakuɗu daidai ba sai ta yi gajimare, ka samu ƙarfi ka rasa gani.

Sai wata matsala da in baka taɓa tunaninta ba zata ba ka mamaki. Rinin da kowa ke amfani da shi dan ganin cibiyar sel, DAPI da Hoechst, aikinsu shine kama DNA su yi shuɗin ƙyalli. A faranti sai kaga ɗigo ɗigo shuɗaye kan baƙin fili, ka ƙirga sel ɗinka. Toh a jel ɗin da shi kanshi DNA ne fa? Filin gaba ɗaya zai iya yin shuɗi, cibiyar ta ɓace cikin hasken bango. Mafita ita ce ko a sa sel ɗin ya riƙa yin wani furotin mai koren ƙyalli da ke manne a jikin histon na cikin cibiyarshi, ko a rage DNA ɗin jel ɗin sosai, wanda shima wani dalili ne da ke goyon bayan tsarin folima da DNA kaɗan. Haka nan wasu hanyoyin rini suna buƙatar sinadarin fomamaid ko ɗumi dan a buɗe DNA ɗin sel, abun da zai buɗe na sel kuwa zai kwance na jel, samfurinka ya watse a tsakiyar wanki. Ga antibodi da ake rina furotin da shi, girmanshi nanomita 10 zuwa 15, in ka matse ramukan raga dan neman ƙarfi sai shigarshi ta yi nawa, gefen samfurin ya rinu tsakiya ta zauna baƙi. In kuma jel ɗin yayi laushi da yawa, ana ɗaukar hoto duk bayan minti goma na tsawon kwana biyu, sel na nutsewa a hankali suna sauka ƙasa, ka dawo ka tarar sun koma zaman faranti. Kaga ƙarfin da maikuroskof ke nema daban, wanda sel ke nema daban, aikin mai zane shine ya samo tsakiya.

A ɗaya gefen kuma DNA na ba mai ɗaukar hoto abun da wani jel bai iya ba shi. Za ka iya ɗaura ɗan lanƙwasasshen zare mai rini a baki ɗaya da abun kashe ƙyalli a ɗayan, yana rufe babu haske, da sel ya ja shi ya buɗe sai ya haska, wato ka ga ƙarfin jan sel da idonka, rukunin Khalid Salaita na jami'ar Emory sun yi fice a wannan, duk da yawancin aikin a saman gilas aka yi shi, kai shi cikin jel mai zurfi shine inda ake ta fama. A 2017 kuma rukunin Rebecca Schulman da David Gracias a Johns Hopkins suka nuna jel ɗin da in ka zuba mishi wasu zarurrukan DNA na musamman yake kumbura har kusan ninki 100 na girmanshi, a 2019 rukunin James Collins suka yi wanda enzayim ɗin CRISPR ke yankawa sai in ya ga wani rubutu takamaimai. Jel mai karɓar saƙo kenan.

Maganar enzayim masu cin DNA kuwa dabarun suna da yawa kuma kowace da kuɗinta. Tun 1974 aka san furotin ɗin aktin yana kama babban cikinsu ya hana shi aiki, sabida haka ana zuba shi a abincin sel, mutanen Diresdin ma da shi suka yi. Ana dafa siram ɗin a digiri 75 dan a kashe enzayim, amma wannan na lalata wasu abubuwan da sel ke buƙata. Ana canza ƙashin bayan DNA ɗin a sa sulfa a gurbin ƙwayar oksijin guda, ana lulluɓe shi da gajerun zarurrukan lasin, ɗaya daga tubalan furotin, masu jelar wata folima da ake ce ma PEG, kamar yanda rukunin William Shih suka nuna a 2017, ko a yi amfani da DNA na hagu, wanda siffarshi kishiyar ta halitta ce kamar hoton madubi, enzayim baya gane shi sam, sai dai tsada. Kuma lura, saukin narkar da jel da enzayim a ƙarshen gwaji dan a kwashe sel lafiya lau yana cikin abun da ake yabon DNA da shi, in ka hana enzayim ci ka rufe wannan ƙofar, sai dai ka bar ɗan wutsiya a jikin maɗaurin, ranar da kake son kwancewa ka zuba zaren da ya fi dacewa da shi ya kama wutsiyar ya ture abokin zamanshi, ragar ta saki.

Wani abu kuma, sel ba ya manne ma DNA haka kawai, dukansu cajinsu na negatib ne kuma babu maƙalar da ya sani a jiki. Sai an ɗaura mishi ɗan guntun furotin mai haruffa uku RGD, wanda Pierschbacher da Ruoslahti suka gano a 1984 cewa shi sel ke kamawa a jikin faiburonektin, wani furotin na saƙar da ke kewaye da sel. In kuma sel na garkuwar jiki za ka raina sai ka kula da rubutunka, jerin C da G a jere marasa hular sinadarin metil yana kama da na bakteriya, suna iya tashi su fara faɗa da jel ɗin, gwajinka ya gurɓace.

Me ya haɗa mu da wannan a Katsina? Ni ina ganin ya haɗa mu fiye da yanda ake zato. Matrigel sai an ajiye shi a digiri 20 ƙasa da sifili, a narkar da shi kan ƙanƙara dare guda, har bakin fifet sai an sanyaya sabida da ya haura digiri 10 ya fara kafewa, ka auna wannan da zafin Afrilu namu da ke haura 40 da yanayin wutar lantarki da hanyar da kaya ke bi kafin su iso daga Legas ko Kano. Gajerun DNA kuwa a bushe ake aiko su, ɗan farin ƙura a gindin bututu, suna jure tafiya ba tare da ƙanƙara ba, kuma girkin jel ɗin haruffa ne da za a iya turo maka ta imel, abun da aka haɗa a Jamus in ka bi rubutun shi za ka samu, sakamakonka ya zama abun kwatantawa da na kowa a duniya. Ɓangaren zane ma kwamfuta kawai yake so, akwai manhajar oxDNA da aka fara a Okusfod, kyauta ce, ɗalibin da ke Daura da laftof ɗinshi zai iya gwada yanda guntu mai hannu uku zai kama kafin a kashe ko kwabo. Ban ce wannan ya warware komai ba, inkubeta mai iskar kabon kashi 5 tana son wutar da bata ɗaukewa ko na awa ɗaya, konfokal kuwa kuɗi ne masu nauyi, waɗannan sai hukumomi da jami'o'i sun tsaya da gaske.

Kuma cututtukan da ke damunmu suna cikin waɗanda faranti ke gazawa a kansu. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kafin ta shiga jini a hanta take fara ɓuya ta hayayyafa, sel ɗin hantar mutum kuma in ka shimfiɗa shi kan roba cikin ƴan kwanaki yake rasa yawancin aikinshi, shi yasa nazarin wannan matakin ke da wuya. Kansar hanta da ciwon hanta nau'in B ke jawowa, kansar nono, kansar bakin mahaifa, duk wuraren da ake son a raina ɗan yankin ƙarin majiyyaci a gwada magunguna a kai kafin a ba shi. Amurka ma a Disamban 2022 ta gyara dokarta ta cire wajabcin gwada sabon magani kan dabbobi kafin mutane, ta buɗe ƙofa ga irin waɗannan samfuran, sabida haka buƙatar jel mai amana ƙaruwa zata yi.

Dan haka ƙannena masu karatun digiri na biyu, in kun ci karo da takardar da ke cewa an ninka ƙarfin jel ɗin DNA, ku duba a wane zafi aka auna, a 25 ko a 37, a ruwan gishiri mai magniziyam da yawa ko a abincin sel na gaske wanda nashi bai kai milimola 1 ba, da siram ko babu, kwana nawa ya rayu, sel ɗin da ke ciki sun miƙa hannu sun rabu ko dai suna nan dunƙule da rai kawai, kuma hoton da aka nuna daga zurfin maikuromita nawa aka ɗauko shi, tunda iskar oksijin ma da ta wuce maikuromita 100 zuwa 200 a cikin dunƙulen sel take fara gazawa. Inda nake sa ran jel ɗin DNA zai yi tasiri nan kusa shine nama mai laushi, ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda da mahaifa, inda kilofaskal ɗaya zuwa kaɗan ya wadatar, shi kuwa ƙashi da guringuntsi folima ce zata ci gaba da ɗaukar nauyinsu, DNA ya tsaya a mahaɗa.